Hayaƙin wasu, tarar talaka

Jama'ar bakin iyaka, daga Ƙonni har Magarya.

Kun ga yadda damina ta rikice: bana fari, baɗi ambaliya. Laifin wa? Hayaƙin da Afirka baki ɗaya ke fitarwa bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Mafi yawansa daga Sin, Amurka da Turai yake fitowa. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara don ƙasashe irin namu. Wa ya ga ko sisi a ƙauyenku?

Amma mai jakin itace ake tarewa a hanya a ci shi tara. Gaskiya ne daji na ƙarewa. Sai dai kafin a karɓe gatarin magidanci, a ba shi abin yi. Manoman Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa wajen miliyan 200 da sassaben zamani, ba wanda ya ɗaga musu bulala.

In kun ba mu amana, za mu biya matasa ladan raya daji, mu sauƙaƙa kuɗin gas na girki. Kuɗin da ya shigo daga waje kuwa, a bainar jama'a za mu faɗi adadinsa.

Ranar zaɓe, ku fito da wuri.