Kufai da Gonakin Duwatsun Mandara: Darasin da Ke Jiran Malami



Mun saba koyar da tarihi daga jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma mafi yawan mutanen da suka zauna a ƙasar nan ba su bar rubutu ba. Abin da suka bari shi ne kufai, da tsingaro, da dutsen niƙa, da kashin maƙera, da jingar gona. Yanzu da tarihi ya dawo cikin manhaja, wajibi ne mu koya wa ɗalibanmu karanta waɗannan shaidu.

Mu ɗauki duwatsun Mandara da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru. A ɓangaren Kamaru, a yankin Koza, akwai kufan Diy-Gid-Biy, dandamali da matakalai da lunguna da aka gina da zallan dutse, ba tare da laka ba. Gwajin shekarun gawayin da aka tono ya nuna ana zaune a wurin wajen ƙarni na 15. A ɓangarenmu kuwa, a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, akwai Sukur, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sanya cikin gadon tarihin duniya, a 1999. Can akwai fadar Hidi, da hanyoyi da aka shimfiɗe da dutse, da wuraren narka tama, da gonaki hawa-hawa da ake nomawa har yau.

Gonakin nan su ne babban darasi. Manomi yakan tsince duwatsun da suka cika gangare, ya jera su jinga a gicciye. Idan ruwan sama ya gangaro, jinga ta rage masa gudu, ƙasar da ya kwaso ta taru a bayanta, ruwan kuma ya nutse. Da haka gangare ya zama matakala mai ɗaukar dawa da gero. Aiki ne na zuriya bayan zuriya, domin kowace shekara sai an gyara abin da damina ta rushe. Yaron da ya fahimci wannan ya fahimci zaizayar ƙasa fiye da wanda ya haddace ma'anarta.

Haɗarin shi ne kufai ba ya ƙorafi. Mai gini ya kwashe duwatsunsa, mai neman dukiya ya tone shi cikin dare. Tsingaron da aka raba da inda yake kwance ya rasa rabin bayaninsa, domin zurfinsa da abin da ke kusa da shi su ne ke faɗin shekarunsa.

Saboda haka muna roƙon kowace makaranta abu uku. Mu tambayi dattawan gari inda kufansu yake da sunansa, mu rubuta. Mu kai ɗalibai da izinin masu wurin, su auna, su zana, kada su ɗauki komai. In kuma muka ga ana tono ko fasa dutse a irin wannan wuri, mu sanar da hakimi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana.