Abin da Na Koya Ina Koyar da Tauhidi a Makarantar 'Yan Maza ta Katolika

(Jawabin da Fasto ya gabatar wa dattawa da iyayen yara a taron ikilisiyoyin Gwandu da Kalgo, a Masama)

 

A watan jiya wani dattijo ya same ni a gida bayan sujada. Ɗansa ya gama firamare, an kuma ba shi wuri a wata makarantar kwana ta Katolika. Tambayarsa ita ce: "Fasto, in na kai shi, ba zai dawo mini da rosari a wuya ba?" Na san ba shi kaɗai ke da wannan damuwa ba, shi ya sa na ga ya kamata in amsa a gaban kowa, domin ni kaina na yi shekara 6 ina koyar da ilimin addinin Kirista a irin wannan makaranta, bayan na fito daga kwalejin tauhidi.

Bari in fara da ɗan tarihi, don mu san abin da muka taɓa samu. A Kaduna, limaman Katolika sun buɗe St. John's College a 1949. A 1972 gwamnati ta karɓe ta, aka sa mata suna Rimi College. Haka St. Paul's ta Angilikan a Wusasa, Zariya, ta koma Kufena College, Queen of Apostles ta 'yan mata kuma ta koma Queen Amina. Gine-gine sun tsaya, amma ƙararrawar addu'ar asuba ta yi shiru. A Kano akwai St. Thomas ta maza da St. Louis ta mata. Bishop Matthew Hassan Kukah, wanda ya zama Bishop na Sakkwato a 2011, kuma yankinmu na ƙarƙashin kulawarsa ta ɓangaren Katolika, ya yi karatu a ƙaramar makarantar limamai ta St. Joseph da ke Zariya. Ke nan irin makarantun nan sun daɗe suna haifar da mutane a Arewa.

Da na shiga aji ranar farko, na zo da littattafan kwaleji da manyan kalmomi. Na ɗauka aikina shi ne yara su ci jarrabawar WAEC. Suka kuma ci. Suna iya lissafa sarakunan Isra'ila da na Yahuza, su zana tafiye-tafiyen Bulus uku a kan allo ba kuskure. Ina ta murna.

Sai wata rana, bayan wata tarzoma da aka yi a garinsu, wani yaro ɗan aji biyar, wanda ya fi kowa maki, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, an ƙona shagon babana. Ka ce in gafarta. In ka kasance ni, za ka iya?" Aji ya yi tsit. Ba ni da amsa a cikin takardun da na shirya. A ranar na gane cewa yaro zai iya samun A1 a ilimin addini alhali zuciyarsa na cike da tambayar da ba wanda ya taɓa sauraro.

Da na kai maganar wurin tsohon Fada da ke kula da ɗakin sujada, bai ba ni wani littafi ba. Ya ce in sa ido in ga yadda yinin yaran ke tafiya. Na kuwa duba, ga abin da na gani.

Na farko, bangaskiya tana da lokaci a cikin jadawali. Kafin rana ta fito yara suna ɗakin sujada. Akwai addu'a kafin abinci, da ta tsakar rana, da ta dare. Da fari na ce a raina wannan al'ada ce kawai. Daga baya na ga cewa yaron da ya saba durƙusawa kowace safiya, ranar da tsoro ya kama shi gwiwarsa ta san hanya. Ku tuna da Daniyel a Babila: ba ranar da aka kafa dokar hana addu'a ya koyi yin ta sau uku a yini ba, ya riga ya saba.

Na biyu, suna koyarwa ta tambaya da amsa. Katekisim nasu yana sa yaro ya iya faɗin abin da ya gaskata a gajarce. Mu a nan, 'ya'yanmu suna zaune a aji da abokai Musulmi waɗanda suka haddace karatunsu tun suna ƙanana. In aka tambayi ɗanka dalilin da ya sa yake ce da Yesu Ɗan Allah, ko me ake nufi da Allah Ɗaya cikin Uku, zai iya amsawa cikin ladabi, ba zagi, ba kunya? In ba zai iya ba, laifin ba nasa ba ne.

Na uku, babba yana tafiya tare da yaro. Fada yana cin abinci inda suke ci, yana kallon ƙwallonsu, ya san wanda mahaifiyarsa ke asibiti. Yaron nan da ya yi mini tambaya, na yi makonni muna zama da shi a ƙarƙashin bishiya bayan darasi. Ban tilasta masa ya ce ya gafarta ba. Muka karanta labarin Yusufu da 'yan'uwansa a hankali, har ya ga da kansa cewa Yusufu ma ya yi kuka kafin ya rungume su.

Amfanin irin wannan reno yakan bayyana a ranar wuya. A Janairu 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai huɗu daga makarantar limamai ta Good Shepherd a Kaduna. Suka kashe Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗan dayosis na Sakkwato. Jaridu sun ruwaito cewa har a hannunsu bai daina yi musu maganar Almasihu ba. Wani ne ya shuka wannan a zuciyarsa tun kafin ranar.

To, ga amsata ga dattijon nan. Akwai bambanci tsakaninmu da 'yan'uwanmu Katolika a kan Maryamu, da Jibin Ubangiji, da shugabancin Paparoma, kuma ba na ɓoye shi. Cikin shekaruna a can ba wanda ya nemi in bar koyarwar ikilisiyata. Kafin ka kai ɗanka, je ka zauna da shugaban makaranta, ka tambayi abin da ke wajibi ga kowane ɗalibi da abin da ke na 'yan Katolika kaɗai. Ka kuma tambayi tsaro: katanga, masu gadi, nisa da daji. Abin da ya faru a Birnin Yawuri a 2021 bai bar mu mu yi sakaci ba. Su kansu Katolika, a babban taronsu na Vatican na Biyu a 1965, sun rubuta cewa iyaye ne malaman farko na 'ya'yansu. Bangaskiyar Timoti ma daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta faro.

Yawancinmu kuwa ba mu da kuɗin makarantar kwana, 'ya'yanmu suna makarantun gwamnati. Ku sani sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Inda babu malamin addinin Kirista, mu je ta hannun CAN, cikin ladabi, da takarda a rubuce, mu nema.

Amma kada mu jira. Ina roƙon abu uku kafin taronmu na gaba. Kowane gida ya tsai da lokacin addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa, ko na minti 15 ne. Kowace ikilisiya ta buɗe ajin tambaya da amsa ga samari ranar Asabar da yamma. Kowane dattijo kuma ya ɗauki yara maza biyu waɗanda ba nasa ba, ya san sunansu, ya san ajinsu, ya riƙa tambayar lafiyarsu. Sakatare zai rubuta sunayen waɗanda suka yarda kafin mu tashi.

Ubangiji ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa mana. Amin.