Jawabi Game da Na'urorin Bin Diddigin Saƙo

 Abin da za a yi bayani yau shi ne wata na'ura da injiniyoyi ke jinginawa a jikin wayar sadarwa ta kwamfuta, da yadda ake haɗa irinta da yawa a sarrafa su daga nesa.

Kwamfuta ba ta aika saƙo dunƙule. Takan yanka shi ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshin mai aikowa da na mai karɓa, da lambarsa a jere. Aikin wannan na'ura shi ne ta zauna a bakin hanya kamar mai tsaron ƙofar gari, ta kwafi duk ƙunshin da ya wuce, ta rubuta lokacinsa, ta warware shi yadda injiniya zai karanta. Wani kamfani na Amurka, Network General, ya fito da irin wannan a 1986, ana kiranta Sniffer. A 1998 Gerald Combs ya fitar da Ethereal kyauta, wadda aka sake wa suna Wireshark a 2006.

To, amma na'ura ɗaya abin da ya bi ta gabanta kaɗai take gani. In ofishin gunduma ya ce ya aika, hedkwata kuwa ta ce ba ta gani ba, wa za a gaskata? Dā sai injiniya ya ɗauki kayansa ya yi tafiya, kafin ya isa ɓarnar ta lafa, ya komo hannu wofi. Saboda haka aka yi dabarar dasa na'ura a kowane reshe, duka kuwa suna amsa umurnin guda ɗaya da ke hedkwata, kamar dai yadda dagatai ke kai labari ga hakimi. A 1991 aka tsara ƙa'ida ta wannan aiki, ana ce da ita RMON, domin na'urorin kamfanoni dabam dabam su ji maganar juna. Daga kujerarsa injiniya yakan ce wa ta Gusau ta fara kamu, ta Sakkwato ma ta fara, sa'an nan ya jera abin da suka kamo ya ga inda ƙunshi ya ɓace.

Sai dai tilas agogunansu su zama daidai. Haske a cikin wayar gilashi yana cin wajen kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Agogo ɗaya ya ɗan kauce, sai a ga kamar amsa ta riga tambaya fita, lissafi duka ya rushe. Don haka akan sa su riƙa karɓar lokaci daga tushe guda.

Akwai kuma wata wauta da sababbin hannu kan yi, watau su sa na'ura ta aiko da duk abin da ta kama ta cikin wayar da ake bincika. Sai ta cushe hanyar, har ta shiga kama nata saƙon tana sake aikowa. Gwani yakan sa ta tace tun can, ta aiko da abin bukata kurum.

Abin da ya fi shafar hakimai da malamai kuwa shi ne amana. Duk saƙon da ba a kulle shi da asirin lissafi ba, na'urar nan tana karanta shi sarai, ko takardar albashi ce ko ta haraji. Wanda ya sami ikon sarrafa ta daga nesa ya sami wannan duka. Saboda haka a ajiye ta a ɗaki mai makulli, kada a rubuta kalmar sirrinta a bango ko a bayan littafi, baƙo kuwa in ya zo ya ce shi injiniya ne, a nemi takardarsa, a buga waya hedkwata kafin a buɗe masa.