Dinari da Dirhamin Farkon Musulunci

Dinari kuɗin zinariya ne, dirhami kuwa na azurfa. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoto a jikinsa, sai rubutun Larabci zalla, mai nauyin giram 4.25. Daga baya Murabiɗai suka buga nasu a Sijilmasa da zinariyar Afirka ta Yamma. Masu tara irin waɗannan kuɗi kan duba nauyi, da shekarar bugu, da salon rubutu, don rarrabe na gaske da jabu. A 2019 an yi gwanjon wani dinarin Banu Umayya a Landan kan fam miliyan 3.72. Har gobe, a mazhabar Malikiyya, da rubu'in dinari ake auna mafi ƙarancin sadaki.