Dajin da Birnin Ikko Bai Cinye Ba

(Jawabi don karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci)



Jawabin wannan wata a kan wani gandun daji ne da ke bakin teku a Jihar Legas. Sunansa Gandun Dajin Lekki. Duk wanda ya taɓa zuwa Ikko ci-rani ko fatauci ya san yadda fili ke da tsada a can. Ko'ina ka duba gini ne. Amma duk da haka, a tsakiyar benaye da manyan tituna, akwai dajin da aka hana kowa ya sa masa gatari.

Lekki wani zirin ƙasa ne mai tsawo, ruwa gaba ruwa baya. Ta kudu akwai Tekun Atlantika, ta arewa kuma akwai babban tafkin Ikko. Gandun yana cikin Ƙaramar Hukumar Eti-Osa, a gefen babban titin da ya tashi daga Lekki zuwa Epe. Faɗinsa hekta 78, watau kimanin eka 190.

Ƙungiyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, wadda ake kira NCF a taƙaice, ita ce ta kafa gandun a shekarar 1990, da taimakon kamfanin mai na Chevron. Ita kuwa ƙungiyar, wani dattijon Legas mai suna Cif S. L. Edu ne ya jagoranci kafa ta a 1980. A wancan lokaci yawancin Lekki fadama ce da daji da ƙauyukan masunta. Masu hangen nesa suka ga birni na tahowa, suka keɓe wannan yanki tun da wuri. Yau ga shi birni ya zo ya kewaye shi.

To, me mai ziyara zai gani? Da isarsa zai biya kuɗin shiga a ƙofa, sannan ɗan jagora ya shige gaba. Ba a taka ƙasa a cikin dajin, domin fadama ce mai ruwa da taɓo. An yi wata doguwar gadar katako, tsawonta ya kusa kilomita biyu, a kanta ake tafiya. Hagu da dama sai tukuruwa da dogayen itatuwa, ga inuwa mai sanyi.

Dabbar da aka fi gani ita ce biri, wani iri da ake kira mona. Birai ne marasa tsoron mutane. Wanda ya riƙe ayaba ko biskit a hannu, kafin ya ankara sun fizge. Akwai kuma kada da guza da macizai da gada da tsuntsaye iri-iri. Sai dai ba gidan zu ba ne, ba a kulle su cikin keji ba. Mai haƙuri da ya yi sammako, ya kuma yi shiru, shi ne ke ganin abu da yawa.

Abin da ya fi jan jama'a shi ne gadar sama da aka buɗe a 2015. An rataye ta da igiyoyin ƙarfe tsakanin hasumiyoyi, tsawonta mita 401. Mutum ɗaya take ɗauka a faɗi, ana bin juna a layi, ga raga a kowane gefe don kada a faɗo. Tana lilo idan ana tafiya a kanta. Daga can sama mutum zai ga kan itatuwa a ƙarƙashinsa, ya hango rufin gidaje sun yi wa dajin zobe.

Wurin yana da dokoki. Ba farauta, ba sare itace, ba kunna wuta a daji, ba zubar da leda. Kada kuma a tsokani dabba. Baƙon da ya bi doka shi ne ke komawa gida lafiya.

Wani zai ce, ina amfanin barin fili mai tsada ga birai? Ga amsa. Fadama kamar soso take. Idan aka yi ruwan sama mai yawa sai ta shanye, ta riƙa sakinsa a hankali. Idan aka cike ta da yashi aka yi gini, ruwa ba ya da wurin zuwa sai cikin ɗakuna. A watan Yuli na 2017 ambaliya ta shiga gidaje da tituna a Lekki da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, har mutane suka hau kwalekwale a kan titi. Cike fadamu da toshe magudanan ruwa suna cikin abin da ya jawo haka.

Wannan darasi bai tsaya a bakin teku ba. Ita wannan ƙungiya ta NCF tana cikin waɗanda suka fara aikin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru a 1987. A can manomi na samun shinkafa, masunci na samun kifi, makiyayi na samun ciyawa da rani, tsuntsaye kuma na tahowa tun daga Turai su yi hunturu. Da ruwan da ke malalowa ya ragu bayan gina madatsun Tiga da Challawa, jama'ar wurin ne suka fara ji a jikinsu.

Ba kowa ne zai sami zuwa Lekki ba. Amma kusan kowane ƙauye yana da kurmi ko fadama ko tafki da kakanni suka bari. Mutanen Lekki sun tsira da nasu ne don an keɓe shi tun ba a fara rububinsa ba. Saboda haka ya kamata mai unguwa da dattawa su zauna su shata iyakar nasu, a daina cinna masa wuta don kamun gafiya, wanda ya sare itace ɗaya kuma ya dasa biyu. Hausawa sun ce, tun ran gini ran zane.

Allah ya ba da ikon kiyayewa, amin.