Jawabin Yaye Ɗaliban Kiwon Lafiya: Likitan Iyali da Abokan Aikinsa a Ingila



A Ingila, ƙaramin asibitin likitan iyali shi ne ƙofar farko ta hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda aka kafa a 1948. Mutum yakan yi rajista da asibitin unguwarsu, a duba shi kyauta, kuma galibi in ba larurar gaggawa ba ce, sai da takardar wannan likita zai ga ƙwararre a babban asibiti. Akasarin asibitocin nan na likitocin ne da kansu, suna yi wa hukumar aiki bisa kwangila. Shi ya sa aka daɗe kowanne na cin gashin kansa.

A 2019 aka sa asibitocin da ke maƙwabtaka su haɗu rukuni-rukuni, yawanci kowane rukuni na kula da mutum 30,000 zuwa 50,000. Dalili kuwa a fili yake: tsofaffi na ƙaruwa, sau da yawa mutum guda na fama da ciwon suga, hawan jini da ciwon zuciya lokaci ɗaya, abin da ya fi ƙarfin likita shi kaɗai. Hukumar ta ware kuɗin ɗaukar ma'aikatan da rukunin zai yi tarayya a kansu, kamar masanin magunguna mai bin diddigin abin da tsoho ke sha, da mai motsa gaɓoɓi. Akwai kuma ma'aikacin da ba ya rubuta magani ko ɗaya. Aikinsa sauraron wanda kaɗaici, bashi ko matsalar muhalli ke kawowa asibiti, ya haɗa shi da ƙungiyar unguwa ko ofishin da zai share masa hawaye. Wannan tunani ya cancanci yabo, domin ba kowace damuwa ce ƙwaya ke warkarwa ba. Rukunonin ne kuma suka ɗauki kaso mai tsoka na allurar rigakafin korona tun daga Disambar 2020.

Inda gizo ke saƙar shi ne kula da gajiyayyu a gida. Wannan nauyin ƙananan hukumomi ne, asusunsu daban, kuma ana duba dukiyar mutum kafin a biya masa. Wata doka ta 2022 ta raba Ingila yankuna 42, ta wajabta wa hukumar lafiya da ƙananan hukumomi tsara aiki tare. Duk da haka, har yanzu ana samun tsohon da likita ya amince a sallame shi yana kwance a gadon asibiti, saboda ba a samo mai kula da shi a gida ba.