Komayya: in ba a bar mata iri ba, ba ta dawowa

Yau zancenmu kan komayya ne, wadda waɗansu ke ce ma burburwa. Masana na kiranta Eragrostis tremula.

Kowa ya san ta: ganye siriri, kara siriri, tsawonta daga santimita 30 zuwa kusan mita guda, kanta a buɗe, iska kaɗan sai ya dinga rawa. Tana son jigawa. Nan ƙasar Gaya, inda ruwan shekara kan kai wajen milimita 800, ana samunta cikin saura, gefen gonakin hatsi, da tudun rairayi na Dallol Mauri da Dallol Foga. Ba ta son fadamar da ruwa ke kwanciya. Ana samunta tun daga Senegal har Sudan, kai har Indiya.

To, ga abin lura. Gamba na tohowa daga saiwa kowace damana. Komayya kuwa shekara guda take yi: ta tsira da damana, ta yi ɗiya wajen Satumba da Oktoba, ta mutu. Abin da za mu gani baɗi, irin da ya zuba bana ne. In an yanke ta ɗanya duka, ko an share fili da manjagara ƙarƙaf, sai garmani ya maye wurin, ga shi bisashe ba su damu da shi ba.

Ku tuna, a 2019 ƙasar Benin ta hana shigar garkunan ƙetare, a 2023 kuma aka rufe gadar Gaya da Malanbil. Ciyawar gida ita ce abin dogara.

Don haka:

1. A yanka da lauje bayan ɗiya sun fara zuba.
2. A bar wani yanki tsaye cikin kowane fili.
3. A shanya, a ɗaure, a aza bisa runfa saboda gara.
4. A tara irin da ya kakkaɓe wurin ajiya, a watsa kan burtali in ruwa ya sauka, bayan an tuge garmani.
5. A kiyayi wutar daji.

Dokar kiwo ta 2010 ta hana kwasar ciyawa kewayen rugage. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikacin kiwo na garinsu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.